FILIN MANOMA: Ina Ribar Gyaɗar Ɗanbatta Take Tafiya?

Duk wanda ya je kasuwar Ɗanbatta ran Lahadi da kaka zai ga abin da aka saba gani tun zamanin kakanni. Manomi ya ɗauko buhun gyaɗarsa bisa jaki, ko amalanke, ko babur, ya sauke. Dillali ya zo ya tsoma hannu, ya murza, ya ɗanɗana, a taya, a sallama. Manomi ya ƙirga kuɗinsa, ya sayi gishiri da sabulu da ɗan yadin yara, ya kama hanyar gida. A wurinsa dai zancen gyaɗa ya ƙare ke nan sai baɗi.

Amma ita gyaɗar yanzu ne ma ta fara tafiya. Za ta bi ta hannun mai ɓara, da mai mota, da ɗan kasuwa a Dawanau, da mai injin matsar mai a Kano, da mai ɗurawa a jarka, da mai kanti. Kowane hannu ta faɗa sai an ƙara mata wani aiki, an kuma ƙara mata kuɗi. Ba mamaki bayan wata biyu ta komo wannan kasuwa ta Ɗanbatta ta zama mai a cikin kwalba, uwargidan manomin nan ta saya da tsada, ba ta san gyaɗar gonarsu ce ba.

To, abin tambaya shi ne, a cikin hannuwan nan wa ya fi cin riba, kuma don me? In an gane wannan, sai a duba ko da hanyar da manomi da ƙaramin ɗan kasuwa za su matsa gaba su sami rabo mai kauri.

SARƘA DA TSANI

Masana sha'anin ciniki sun kamanta wannan jerin hannuwa da sarƙa, wadda bakinta ɗaya ke gona, ɗaya kuma ke gidan mai ci. Wata sarƙar gajeruwa ce, daga Ɗanbatta zuwa Kano ta ƙare. Wata kuwa ta ƙetare teku har Ingila, ko Italiya, ko Japan. Amma ƙa'idarsu ɗaya ce: aikin da kowa ya iya, shi ne mai ƙarancin lada, aikin da mutane kaɗan suka iya, shi ne mai tsoka.

Dalili kuwa a fili yake. Masu noman gyaɗa dubbai ne, in wannan ya ƙi sayarwa wancan zai sayar, balle da kaka lokacin da kowa ke neman kuɗin biyan bashi da hidimar biki. Masu injin da ke tace mai ya fito garau kuwa 'yan kaɗan ne. Wanda kuma sunansa ke jikin kwalba, mutane suka yarda da shi har suna nemansa da suna, shi kaɗai ne, shi ya sa yake yanka kuɗin da ya ga dama. Saboda haka sarƙar nan tsani ce a tsaye, manomi yana matakin ƙasa, mai suna yana can bisa.

DARASIN DALAR GYAƊA

Ƙasar Kano ta daɗe da sanin matakin ƙasa. Hanyar jirgi ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta sosai cikin 1912. Turawa sun ɗauka auduga za a yi ta ɗauka, sai manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi: ga kuɗi, ga harawa don dabbobi, in kuma yunwa ta zo a ci ta. Nan da nan gyaɗa ta cika tashar jirgi. Ƙasar Ɗanbatta da Kazaure da Bichi da Gumel, masu jigawa da rairayi, suna cikin wuraren da suka fi ba da ita.

Manyan kamfanonin Turawa su ke saye, ta hannun attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955. Da jirgi ya kasa kwashewa da sauri sai aka riƙa jera buhuna ana yin dala, kowace dala ta kan ci buhu wajen 15,000. Cikin 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, cikin 1954 kuma ta koma hannun hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Arewa, ita ke yanka farashi tun kafin kaka. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa waje a duk duniya.

Amma a lura da abin da ake fitarwa. Yawancinsa tsaba ce a buhu. Can Ingila da Faransa ake matse ta, a yi man girki da man shafa wa burodi da sabulu, a ba shanu tunkuzar. Sabulun kuma a sa masa suna, a komo da shi kantunan Kano. Ko da yake tun shekarun 1940 da 1950 an kafa injinan matsar mai a Kano, babbar riba tana can inda ake tacewa da sa suna.

Sai ga fari ya sauka daga 1972 zuwa 1974. Bai gama wucewa ba cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta share gonaki cikin 1975. Kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. Dala ta ɓace, masu saye na ƙetare suka juya wajen waken suya da man ja na wasu ƙasashe, ba su ko waiwayo ba. Cikin 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona ɗungum. Abin koyo a nan shi ne, mai sayar da ɗanyen kaya ba shi da wuyar sakewa. Ran da ya gaza, mai saye ya nemi wani.

Masana sun duba yadda kamfanoni a ƙasashe masu tasowa suka fita daga irin wannan hali, suka ga hanya huɗu ce. Ga su bi da bi, da yadda kowace ta shafi manomin Ɗanbatta.

MATAKI NA FARKO: GYARA AIKI

Watau mutum ya ci gaba da yin abin da ya saba, amma da ƙarancin hasara. Wannan ba ya bukatar inji ko babban jari. Farkonsa iri. Ma'aikatar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, tare da ma'aikatar ICRISAT mai reshe a Kano, sun fid da irin gyaɗa da ake kira Samnut. Samnut 24, wanda aka fitar cikin 2011, yana nuna cikin wajen wata uku, yana jure kuturta, yana da mai da yawa. A ƙasa irin ta Ɗanbatta, inda damina ba ta da tsawo, irin da ke nuna da wuri shi ne garkuwar manomi.

Bayan iri sai shuka a kan kari da ƙwarya daidai, da noma a kan lokaci, da cirewa da zarar ta nuna. Gyaɗar da aka bari a ƙasa ta wuce lokaci sai ta tsinke, rabi ya tafi ga masu roro, gara da ɓera su ci nasu. In aka zo ɓara kuma, inji ko turmin da ke farfasa tsaba yana rage mata daraja, gama fasasshiyar gyaɗa ba ta jimawa a ajiye. Manomin da ya toshe waɗannan ƙofofi ya ƙara buhu a gonarsa ba tare da ya ƙara ko taki ɗaya na fili ba. Wannan kuwa babban abu ne a ƙasar da gonaki suka matse, gado ya rarraba su ƙanana ƙanana.

MATAKI NA BIYU: GYARA KAYA

Watau mutum ya fid da kayan da suka fi na kowa kyau, waɗanda mai saye zai biya ƙari dominsu. A nan ne maganar guba ta shigo, kuma ya kamata kowane manomi da ɗan kasuwa ya san ta.

Cikin 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Barazil ta kashe su. Daga nan aka gano wata guba da ake kira afalatoksin, wadda wata irin hunhuna ke haifarwa a jikin gyaɗa da masara, in fari ya dame su a gona, ko in an ajiye su da laima. Gubar nan ba ta mutuwa da suya ko dahuwa. Tana taɓa hanta, tana kuma tauye girman yara. Ƙasashen Turai sun sa doka, gyaɗar da mutum zai ci kai tsaye kada gubar ta wuce kashi 4 cikin kashi miliyan dubu. Kayan da suka wuce haka sai a mayar da su, ko a ƙone.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne kawai. Cikin 2015 ƙasashen Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda maganin ƙwari da ake zuba masa a wurin ajiya ya yi yawa. Laifin wasu 'yan kaɗan ya rufe wa kowa ƙofa.

Maganin guba yana hannun manomi. A cire gyaɗa a kan kari. A kife ta 'ya'yan suna kallon sama don iska ta ratsa. In an tsige a shanya bisa tabarma ko tamfol, kada a zuba a ƙasa tsura. Kada a ɗura a buhu sai in an girgiza an ji tana kaɗawa a cikin kwanso. Kada a yayyafa mata ruwa wajen ɓara don ta yi laushi ko ta yi nauyi. A tsince baƙa da motsattsa da mai hunhuna a zubar, kada a ba yara, kada a yi ƙuli-ƙuli da ita, kada a ba kaji. A ɗora buhuna bisa katako nesa da bango. Har wa yau ma'aikatar IITA ta Ibadan ta fid da wani magani mai suna Aflasafe, dawa ce da aka shafa wa hunhuna marar guba, ana watsa kilo 4 a eka ɗaya mako biyu ko uku kafin fure, sai marar gubar ta mamaye gona ta hana mai gubar wuri. Mai son bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.

Gyaɗar da aka tsince da hannu, aka ware manya daban ƙanana daban, kuɗinta ba ɗaya ba ne da na gyaɗar da aka haɗa da tsakuwa da ɓawo. Amma fa sai an kai ta ga mai sayen da ya san bambanci. Dillalin da ke sayen buhu da ido ba zai ƙara ko kwabo ba.

MATAKI NA UKU: ƊAUKAR AIKIN DA KE GABA

Watau mai noma ya fara ɓara, mai ɓara ya fara matsar mai, mai matsa ya fara ɗurawa da sa suna. Ga lissafi don malamai da 'yan kasuwa su gwada. Kilo 100 na gyaɗa mai kwanso ya kan ba da tsaba wajen kilo 70. Tsabar gyaɗa kusan rabinta mai ne, amma inji ba ya fid da shi duka. Daga kilo 70 ɗin nan a kan sami mai wajen kilo 28, saura kuwa tunkuza ce, ban da ɗan abin da ya bi iska. Mai karatu ya tambayi kuɗin buhu mai kwanso ran kasuwa, ya tambayi kuɗin mai da na tunkuza ko ƙuli-ƙuli, ya cire ladan ɓara da suya da niƙa da itace da jarka. Abin da ya rage shi ne ribar da ke barin ƙauye duk ran da aka sayar da buhu ɗanye. Wani lokaci zai tarar ribar tana da kauri, wani lokaci kuwa, in gyaɗa ta yi tsada da bazara, babu komai. Wanda bai yi wannan lissafi ba kada ya sayi inji.

A gaskiya matan karkara sun daɗe a kan wannan mataki. Kusan kowace unguwa a ƙasar Ɗanbatta akwai gidan da ake soya gyaɗa, a kai niƙa, a matse mai, a toya ƙuli-ƙuli, yara su kai talla. Abin da ya hana sana'ar nan girma shi ne, man kowace mace da irin launinsa da ƙamshinsa, ana zuba shi a kwalbar da aka samu, ba suna, ba shaida. Ba ya wuce kasuwar kusa. Kafin mai ya shiga manyan kantuna sai an tace shi, an yi masa rajista da hukumar NAFDAC, an rubuta suna da ranar yi a jiki. Tun 2002 kuma doka ta ce a sa wa man girkin da masana'antu ke sayarwa sinadarin bitamin A. Mace ɗaya ba za ta iya ɗaukar wannan ɗawainiya ba, amma mata talatin masu asusu ɗaya da inji ɗaya da suna ɗaya za su iya.

MATAKI NA HUƊU: SHIGA WATA SARƘA

Watau mutum ya ɗauki gwanintar da ya samu a sana'a ɗaya ya kai ta wata wadda ta fi riba. Alhaji Alhassan Ɗantata da fataucin goro ya fara, a nan ya koyi sarrafa kuɗi da yaran ciniki da sufuri, sa'an nan ya juya wa gyaɗa. Tattaɓa-kunnensa, Alhaji Aliko Ɗangote, ya fara da saye da sayarwa cikin 1977, yana cinikin siminti da sukari da shinkafa, daga baya ya koma yin siminti da tace sukari da kansa. Haka kuma 'yan kasuwar Kano da yawa da suka gaji cinikin gyaɗa, yau riɗi suke tacewa a aika Japan da Sin da Turkiyya, da zoɓo a aika Meziko.

Ita gyaɗar ma tana da sarƙar da ta fi ta mai. Abincin nan na cikin 'yar leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, da gyaɗa da madara da sukari da mai ake yin sa. A Faransa aka ƙago shi cikin 1996, tun 2005 ana yin sa a Yamai, yanzu har a Nijeriya akwai masu yi. Masu wannan aiki ba sa karɓar gyaɗa sai an auna an ga ba guba. Wanda bai hau mataki na biyu ba, ba shi da rabo a nan.

MISALIN FATA

Manomin Ɗanbatta ba ya rasa akuya a gida, saboda haka zancen fata ya shafe shi. Tun ɗaruruwan shekaru fatar jar akuya ta ƙasar Hausa, wadda majema suka jeme da bagaruwa, take ƙetare Sahara bisa raƙuma. Da ta isa Turai sai aka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can ta biyo. Aiki na Kano da Sakkwato, suna na wasu.

A zamanin Turawa ɗanyar fata da kirgi aka fi fitarwa. Daga baya aka kafa masana'antun jima a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, gwamnati kuma ta hana fitar da ɗanyar fata da wadda ba a gama jemewa ba. Wannan hawa ne na gaske. Amma yawancin fatar da aka jeme a Kano ana aika ta ne Italiya da Sifen da Sin, can ake yanka ta a ɗinka takalma da jakunkuna, a sa musu sunayen da masu kuɗi ke rububi. Dukawan Kano ba su rasa hannu ba, kowa ya je kasuwar Kurmi ko Ƙofar Wambai zai gani. Abin da ya rage shi ne yin kaya dubu iri ɗaya ba bambanci, da cika alkawari ran da aka ce, da sunan da mai saye na nesa zai amince da shi.

Tushen darajar fata kuwa yana ƙauye. Akuyar da ƙazuwa da kaska suka ci, ko saniyar da aka yi wa lalas a tsakiyar jiki, ko fatar da mahauci ya huda da wuƙa mai tsini wajen fiɗa, ko wadda aka shanya a ƙasa cikin rana ta ƙone, ba gwanin da zai mai da ita lamba ɗaya. A yi fiɗa da wuƙa mai lanƙwasa, a wanke jini, a sa gishiri da wuri ko a ɗaure a shanya a inuwa.

YADDA WASU SUKA HAU

A ƙasar Taiwan akwai kamfanin kekuna mai suna Giant, an kafa shi cikin 1972. Cikin 1977 ya sami kwangilar yi wa wani babban kamfanin Amurka mai suna Schwinn kekuna. Giant ya yi aiki, Schwinn ya manna sunansa ya sayar. Mutanen Giant ba su raina wannan ba. Suka koyi duk abin da mai saye ke so, da yadda ake auna ƙarfe da fenti, har suka zama su ke yin yawancin kekunan Schwinn. Cikin 1981 suka fara sa nasu suna a wasu kekuna. Da Schwinn ya juya wajen wani mai yi a ƙasar Sin don neman araha, ya tarar yaronsa ya riga ya tsaya da ƙafafunsa. Cikin 1992 Schwinn ya karye, Giant kuwa yau yana cikin manyan masu yin keke a duniya. Watau mai saye mai tsanani makaranta ne, in mutum ya shiga da niyyar koyo, ya kuma yi tanadin ran da za a sallame shi.

Misali na biyu ya fi kusa da manomi. A gundumar Kaira ta ƙasar Indiya, masu shanu suna sayar da madara ga 'yan tsakiya a kan kuɗin da aka ga dama, gama madara ba ta jiran gobe. Cikin 1946 suka kafa jam'iyyar gama kai a garin Anand, da ƙauye biyu kacal. Kowa ya kawo madararsa a auna yawanta da maiƙonta a gabansa, a biya shi gwargwadon kyanta. Cikin 1955 suka gina masana'antar yin garin madara da man shanu, suka sa wa kayansu suna Amul. Yau masu shanu fiye da miliyan 3 ne ke da wannan suna. Babu ɗayansu da zai iya sayen inji shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABUBUWAN DA KE KAYAR DA MAI HAWA

Na ɗaya, tsallake mataki. Inji ba ya aiki sai da abin da zai ci. Bayan 1975 injinan mai na Kano da yawa sun zauna shiru don ba gyaɗa. Haka kuma babbar masana'antar tumatir da aka buɗe a Kadawa cikin 2016, wadda aka gina don ta ci tan 1,200 a yini, ta sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir, ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon wadda ta ɓarke a wannan shekara. Kafin a sayi inji a tabbata akwai gonakin da za su ciyar da shi yawancin watannin shekara.

Na biyu, wuta da jari. Injin da ke tafiya da man dizal kullum, kayansa za su fi na wanda ke da lantarki tsada. Gyaɗa kuma da kaka take araha, mai inji yana bukatar kuɗin da zai saya ya ajiye na wata da watanni.

Na uku, kuɗin fito. Ƙasashe da yawa su kan sassauta wa ɗanyen kaya haraji, su tsananta wa wanda aka sarrafa, don su tsare aikin mutanensu. Saboda haka kasuwar kusa ta fi sauƙin farawa: Kano, da Legas, da Maraɗi, da Damagaram. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen Afirka a Yamai cikin 2019, wadda nufinta rage irin wannan haraji tsakanin maƙwabta.

Na huɗu, kuma shi ya fi duka, algus. Mudu mai duka a gindi, da yashi a buhun riɗi, da ruwa a gyaɗa, da gaurayen mai. Mai yin haka ya ci ribar yini ɗaya, ya kashe sunan garinsu na shekara goma. Duk hawan da aka ambata a sama, a kan amana aka kafa shi.

ABIN YI A WANNAN KAKA

Ba a ce kowane manomi ya zama mai masana'anta ba. Abin da ake so shi ne kowa ya san matakin da yake, ya nemi na gaba da shi. Manoma goma ko ashirin na ƙauye ɗaya su haɗa kai su shuka iri ɗaya, su shanya yadda aka faɗa, su tsince, su auna da sikeli, su sami malami ɗaya amintacce mai rubuta abin da kowa ya kawo. Sa'an nan su tura mutum biyu Kano, su tambayi masu injin mai da masu fitar da kaya: wace iri kuke so, nawa kuke so, nawa za ku ƙara in ta cika sharaɗi? Ɗan kasuwa kuma ya fara biyan kaya mai kyau fiye da marar kyau, ko da ɗan kaɗan ne, gama in kuɗinsu ɗaya ba wanda zai wahala da tsinta. Masu neman ƙarin sani ga kwalejin aikin gona ta Audu Bako nan cikin Ɗanbatta, ga kuma malaman gona na KNARDA.

Waɗanda suka riƙe wannan shekara biyu ko uku, mai saye zai san su, ya riƙa nemansu tun kafin kaka. Daga nan ne za a yi zancen injin ɓara, bayansa injin mai, bayansa suna a jikin kwalba. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba da kaka mai albarka, ya sa a sayar da daraja, amin.